Gwangwanin Garin Ƙarfi Ko Kwanon Wake?



A wannan fitowar ina so in yi magana a kan wani abu da ya cika unguwanninmu, kuma ya fara leƙowa makarantarmu. Duk mai yaya ko maƙwabci da ke ɗaga ƙarfe ya san abin da nake nufi. Saurayi zai ga tumbinsa ya fara fitowa, sai ya shiga wurin motsa jiki, ko ya haɗa nasa a soron gida da bututun ƙarfe da simintin da aka zuba a gwangwanayen fenti. Wannan abu ne mai kyau. Amma kafin ya cika mako guda sai wani ya ce masa wahalar banza yake sha idan bai sayi kayan haɗi ba: garin furotin, ƙwayar ƙona kitse, da shayin rage tumbi. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba, tallar tana iske su har cikin waya ta WhatsApp da TikTok.

Shin waɗannan abubuwa suna taimakon wanda ya fara jiya? Ni dai a ganina ɗaya ko biyu daga cikinsu suna da ɗan amfani ga babban mutum, mafi yawansu cin kuɗi ne kawai, wasu kuma suna iya kwantar da mutum a asibiti. Sabon shiga shi ne ya fi kowa rashin buƙatarsu, amma shi aka fi sayar wa.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a jikin wanda ya soma ɗaga ƙarfe. A makonnin farko ƙarfinsa yana ƙaruwa da sauri ƙwarai. Abin da ya kasa ɗagawa a ranar farko, bayan wata guda sai ka ga yana ɗaga shi sau goma yana hira. Mutum zai ɗauka tsokarsa ce ta girma haka. Masana motsa jiki sun ce mafi yawan wannan ƙarfin na farko daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake zuwa. Suna koyon yadda za su tayar da tsokoki da yawa su yi aiki tare a lokaci guda. Kamar koyon keke ne: ranar da ka iya, ba ƙafarka ce ta ƙara kauri ba, jikinka ne ya gane hanya. Girman tsoka yana biyowa baya a hankali.

To a nan mai gwangwani yake cin kasuwarsa. Ya sayar maka da kaya a daidai lokacin da jikinka zai canja ko ka sha ko ba ka sha ba. Ka tashi da asuba, ka yi gumi, ka rage lemo, ka daina cin dare, sannan da aka ga canji sai ka ce ai garin nan ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi kansa kitsen, ina yake zuwa idan mutum ya rame? Mun koya a darasin kimiyya cewa abinci shi ne man da jiki ke ƙonawa, kuma ana auna ƙarfinsa da kalori. Idan abin da ya shiga ya fi abin da aka ƙona, jiki sai ya ajiye ragowar a matsayin kitse. Idan abin da ya shiga bai kai ba, sai ya ɗebo daga ajiyar. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Robar lemo ta rabin lita tana da kalori wajen 200, da sukarin da ya kai cokalin shayi 13. A lissafin takarda, wanda ya saba shan roba ɗaya kullum ya daina, cikin kwana 40 ya rage abin da ya kai kilo ɗaya na kitse, kuma kuɗinsa na aljihunsa.

A shekarar 2014 wasu masana biyu a ƙasar Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun yi lissafin inda kitsen da aka ƙona yake bi. Sun nuna cewa idan mutum ya rage kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta numfashi yake fita a matsayin iskar da muke hurowa waje, sauran kilo 1.6 kuma ya zama ruwa. Wannan ya ba ni mamaki sosai. Ashe kitse ba ta bayan gida yake fita ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo maganar shayi. Haka kuma mai ɗaure cikinsa da leda ko bel don ya yi gumi, ruwa kawai yake zubarwa, da ya sha randa ɗaya ya dawo.

Yanzu garin furotin. Ba zan ce ƙarya ba ne, domin abinci ne na gaskiya. Mafi shahararsa daga madara ake yin sa. Idan an daskarar da madara za a yi cuku, akwai wani ruwa-ruwa da ke ragewa, shi ake tacewa a busar ya zama gari, a sa masa ɗanɗanon cakulan ko na ayaba. Furotin kuwa shi ne abin da littafinmu ke kira abinci mai gina jiki, kuma mai son rage ƙiba yana buƙatarsa da gaske. Yana sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba, kuma yana taimakawa jiki ya ƙona kitse ba tare da ya cinye tsoka ba. Har nan mai talla bai yi ƙarya ba.

Abin da ba ya faɗa shi ne yawan abin da ke cikin ɗan ludayin robar da ke cikin gwangwanin. Ludayi ɗaya yana da furotin giram 20 zuwa 25. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da giram 6, wato ƙwai huɗu sun biya ludayi ɗaya. Ɗanyen wake giram 100 yana da wajen giram 23. Gyaɗa tana da wajen 25. Waken soya, wanda ake yin awarar da muke saya a bakin get lokacin tara, yana da wajen 36. Kilo ɗaya na waken soya ke nan ya kai ludayi 15. Ku tambayi kuɗin gwangwani ɗaya, sannan ku tambayi kuɗin kilon waken soya a kasuwa, ku yi lissafin da kanku.

A shekarar 2018 masana a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada sun tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum 1,863 masu ɗaga ƙarfe, wasu ana ba su ƙarin furotin, wasu ba a ba su. Duka ɓangarorin biyu sun ƙara tsoka. Waɗanda aka ba ƙarin sun ɗara sauran da giram 300 kacal. Ledar fiyawata ɗaya ma ta fi wannan nauyi. Sun kuma gano cewa ƙarin ya fi amfanar waɗanda suka daɗe suna ɗaga ƙarfe a kan sababbin shiga, kuma idan mutum ya kai giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, abin da ya ƙara a kai ba ya ƙara masa tsoka.

Mu gwada da saurayi mai nauyin kilo 70. Shi giram 112 ke nan a rana. Ƙwai biyu da safe sun ba shi 12. Kwanon wake mai kyau da rana, wajen 35. Nama ko kifi giram 100, wajen 25. Kofin nono, 8. Ɗan ƙullin gyaɗa, 13. Tuwo da shinkafa da burodi ma suna da nasu, za su iya cike ragowar. Ga shi ya kai ba tare da ya buɗe gwangwani ba. Ga mai son ramewa ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗa, tunda an matse mansa. Akwai kuma wata hikima a abincinmu: abin da ya yi ƙaranci a furotin ɗin wake yana cikin hatsi, abin da ya yi ƙaranci a hatsi yana cikin wake. Saboda haka garau-garau da ake yi wa kallon abincin talaka haɗi ne mai kyau, sai dai a yi hankali da man da ake malala masa.

Na san wani zai ce ba kowane gida ne ake cin ƙwai da nama kullum ba. Gaskiya ne, musamman a wannan tsadar. Amma wanda ƙwai ya gagara, ta yaya zai sayi garin da aka shigo da shi da dala? Wanda garin zai yi wa amfani shi ne babban da ke da kuɗi amma ba shi da lokacin girki. Sauƙi yake saya. Kuma a lura, akwai wani garin mai kama da shi wanda na ƙara nauyi ne, cike da sukari da sitaci. Mai son rage tumbi idan bai karanta jikin gwangwanin ba ya ɗauko wannan, to ya sayo wa tumbinsa taki.

Na biyu shi ne kiriyatin. Wani masanin Faransa mai suna Michel Chevreul ne ya gano shi a cikin nama tun 1832. Hanta da ƙoda suna yin nasu, muna kuma samunsa a nama da kifi. Shi ma an yi bincike da yawa a kansa, kuma yana taimaka wa manya su ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu kafin su gaji. Amma ba ya ƙona kitse. Yana ma jawo ruwa cikin tsoka, har nauyin mutum ya ƙaru da kilo ɗaya ko biyu a farko. Mai hawa sikeli kullum yana jiran ya ga ragi, sai ya ga ƙari, ransa ya ɓaci. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma ba ta goyon bayan wanda bai kai shekara 18 ba ya sha irin waɗannan abubuwa don ƙara ƙarfi. Wannan ya fitar da kusan duk wanda ke tsaye yana karanta wannan allo, ban da malamai.

Inda abin ya fi damuna shi ne ƙwayoyin ƙona kitse da shayin rage tumbi.

Yawancin ƙwayoyin nan babban abin da ke cikinsu shi ne kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi da ganyen shayi. Yana ɗan ƙara abin da jiki ke ƙonawa, amma kaɗan ne, ƙosai biyu sun mayar da shi. Abin da mai sha yake ji, wato bugun zuciya da rawar hannu da gumi, shi yake sa ya ce maganin yana aiki. Da dare kuma barci ya gagara, alhali a cikin barci ne tsoka ke gyara kanta, kuma wanda bai yi barci ba ya fi jin yunwa washegari. Wasu ƙwayoyin kuma suna da sinadarin koren shayi da aka tattara da yawa wuri guda. Shan koren shayi a kofi ba matsala ba ne. Amma hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa wannan sinadari idan ya kai miligiram 800 a rana a cikin ƙwaya yana iya taɓa hanta.

Akwai waɗanda suka fi haka muni. A Amurka an daɗe ana sayar da wani maganin rage ƙiba da ake yi da tsiron efedira, ana cewa ai na ganye ne, ba ya cutarwa. A watan Fabrairun 2003 wani ɗan wasan besbol mai suna Steve Bechler, ɗan shekara 23, wanda ke shan sa don ya rage nauyi, ya faɗi a filin atisaye, washegari ya rasu. Likitan da ya binciki gawarsa ya ce maganin yana da hannu. A 2004 gwamnatin ƙasar ta haramta shi. Wani maganin kuma, sibutiramin, likitoci ne ma suke rubuta shi a da, amma a 2010 aka janye shi a Turai da Amurka saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Bayan an janye shi, hukumomi sun sha kama shi an ɓoye a cikin shayi da kofi da ƙwayoyin da aka rubuta wa “na ganye zalla”. Mai hawan jini zai sha bai san abin da ya sha ba.

Shi kuwa shayin rage tumbi, da yawansa ganyen da ke ciki ɗan uwan filasko ne, wanda kakanninmu suka sani a matsayin maganin wankin ciki. Aikinsa ya sa gudawa. A babban hanji yake aiki, alhali tun a ƙaramin hanji jiki ya riga ya tsotse abin da zai tsotsa daga abincin. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki. Mun riga mun ga cewa kitse ta numfashi yake fita. Mai shan shayin zai hau sikeli ya ga ya ragu da kilo ɗaya, cikinsa ya lafe, ya yi murna. Kwana biyu yana shan ruwa sai nauyin ya dawo, sai ya sake sayen wani kwalin. A darasin kiwon lafiya an koya mana yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari don ceton yaron da gudawa ta kama. Abin da ake gudun ya kashe yaro, shi babba yake saya da kuɗinsa, har ma a zafin watan Afrilu. Cikin gishirin da ke zubewa akwai wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Wanda ya daɗe yana sha kuma hanjinsa yakan saba, ya koma ba ya iya bayan gida sai da shi.

Wani zai ce, “Ai akwai lambar NAFDAC a jiki.” Duba lambar abu ne mai kyau, kuma wanda ba shi da ita, irin wanda ake ƙullawa a leda ko a ɗura a robar ruwa, kada a ko kusance shi. Amma ku ɗauki kwalin maganin gargajiya mai lamba ku duba ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa. Za ku ga an rubuta da Turanci cewa hukumar ba ta tantance abin da mai maganin ke cewa yana yi ba. Wato lambar ba shaida ba ce cewa zai narkar da tumbi. Na ƙasar waje ma haka ne. A Amurka, tun dokar da suka yi a 1994, kamfani ba ya buƙatar ya nuna wa hukuma cewa irin wannan kaya yana aiki kafin ya kai shi kasuwa. Ga kuma jabu, tunda duk abin da ke da tsada sai an yi na bogensa.

Wani abin dariya, sau da yawa teburin da ke sayar da maganin ramewa shi ke sayar da “sha ka fashe” ga masu son ƙiba. Mai kaya bai damu da wane jiki kake so ba, shi dai kada ka gamsu da wanda kake da shi. Hoton “kafin” da “bayan” da suke nunawa kuwa, kowa a ajinmu zai iya yin sa cikin minti ɗaya: ka saki ciki ka sunkuya a ɗauka, ka shaƙe ciki ka miƙe a sake ɗauka.

Ba ina cewa duk ƙwayar ƙarin sinadari banza ba ce. Idan likita ya auna jini ya ga ya yi ƙasa ya rubuta maganin ƙarin jini, ko aka ba mai juna biyu ƙwayoyinta a wurin awo, wannan daban ne. An duba mutum, an ga abin da ya rasa, an ba shi daidai gwargwado. Mai talla a waya bai taɓa ganinka ba, bai san ko kana da ciwon ƙoda ko sikila ko olsa ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. A kusan kowane aji akwai wanda ake kira “Buhu” ko “Tulu”, kuma idan ya yi gudu a fili sai a fashe da dariya. Wanda ake yi wa haka kullum shi ne zai tara kuɗin tararsa ya sayi shayin gudawa a ɓoye, ko ya daina karyawa ya zo aji yana jiri. Masu tsokanar suna taya mai kaya talla ne ba a biya su ba. Sannan dariyar tana korarsa daga filin wasa, wurin da ya fi kowa buƙata. Mu a shekarunmu jiki girma yake yi, ƙashi yana tsawo, kuma da yawa sukan yi ɗan kauri kafin su miƙe. Bai kamata ɗan shekara 13 ya yanke wa kansa abinci ba tare da iyayensa sun kai shi an duba shi a asibiti ba. Rage lemo da alewa kuwa ba ya buƙatar takardar likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, kuma kwana uku a mako a haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Masana barci kuma sun ce masu shekarunmu suna buƙatar awa 8 zuwa 10. Ƙarfafa tsokar ba sai da simintin soro ba, wanda zai iya suɓucewa ya faɗo wa yaro a ƙirji idan babu babba a kusa. Nauyin jikinmu ya isa: tsugunawa da miƙewa, dafa ƙasa ana ɗago ƙirji da hannu, tsallen igiya, langa, da rataya a ƙarfe ana jan jiki sama. Abin haushi, rabinsu a matsayin horon latti muka san su, shi ya sa muke ƙinsu.

Saboda haka ina da roƙo guda biyu ga hukumar makaranta. Na farko, a bar mana darasin motsa jiki ya zama na motsa jiki, kada a riƙa mayar da shi lokacin kwafar rubutu ko shara. Na biyu, a kafa mana turaku biyu a gefen filin ƙwallo a gicciya bututun ƙarfe a sama, ɗaya a ɓangaren maza, ɗaya a ɓangaren mata, inda malami zai iya tsayawa ya nuna mana yadda ake yi. Mai walda zai gama shi a yini ɗaya.